Tana Turanci da Ni a Gida, Tana Faɗuwa a Takarda: Amsa ga Wani Uba a Guangzhou

Tambaya

Assalamu alaikum, Malama. Ni mutumin Kano ne, na daɗe a Guangzhou ina sayen kaya ina yi wa 'yan kasuwarmu lodi zuwa gida. Matata Basiniya ce. 'Yarmu ta fari a nan aka haife ta, shekarunta 17, tana aji biyu na babbar sakandare, makarantar kwana. Saura mata shekara guda da 'yan watanni ta zauna gaokao, jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar nan. Tun tana tatata Turanci muke yi da ita, don ni Sinancina na ciniki ne, ita kuma Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. In na yi baƙi ita ke yi musu tafinta a kasuwa. Amma a jarrabawar wata-wata makinta na Turanci ba ya wuce 90 da 'yan kai cikin 150, kuma malamarsu ta ce a auna fahimta take zubar da maki: cikin tambaya 15 takan faɗi shida ko bakwai. Yaran da ko gaisuwar kirki ba sa iya yi da ni da Turanci su ne a gabanta. Na karɓe waya, na yi faɗa, na sa ta riƙa karanta mini jarida da ƙarfi duk ƙarshen mako in ta dawo gida. Ba abin da ya canza, sai ma da na ɗauko zancen ta shige ɗaki. Mamanta na so a ɗauko malamin lesin, kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Wani abokina kuma ya ce in yi mata fasfon Najeriya ta shiga jami'a a matsayin baƙuwa, kowa ya huta. Lalaci ne ke damunta, ko me?

Uba mai damuwa, Guangzhou

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka.

Lalaci dai ba shi ba ne. Ɗalibar da ke shiga aji da sanyin safiya don karatun safe, ba ta tashi daga karatun dare sai isha ta yi nisa, ko me za a kira ta ba za a ce mata malalaciya ba. Abin da ke damunta sananne ne, yana da magani, sai dai maganin da kake ba ta yanzu na wani ciwon ne dabam.

Turancin da kuke yi a falo da wanda ke kan takardar gaokao suna suka tara, aikinsu ba ɗaya ba. A hira jimla gajera ce, fuskar mai magana tana taimakawa, hannunsa yana taimakawa, in ba a gane ba a ce ya maimaita. Kalmomin da ake juyawa a gida da kasuwa kuma ba su da yawa, kullum su ne dai. A takarda ba fuska ba hannu. Jimla ɗaya sai ta ci layi huɗu, an cusa wata a cikinta, an cusa wata a cikin waccan, kafin mai karatu ya kai aya ya manta wa aka ce ya yi me. Jim Cummins, masanin da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Toronto, tun 1979 ya raba waɗannan iri biyu na iya harshe. Bincikensa a kan 'ya'yan baƙi a Kanada ya nuna yaro kan iya hira sosai cikin kamar shekara biyu, amma harshen karatu kan ɗauke shi shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kamo tsaransa. Su waɗancan yaran ma a makarantar Turanci suke wuni. Taka kuwa lissafi da tarihi da kimiyya duk da Sinanci take karanta su, Turancin boko sai a darasi guda take haɗuwa da shi.

Yaran da kake mamakinsu shekara da shekaru suka yi a kan Turancin takarda kawai. Da wuya ka ga ɗalibin babbar sakandare a Sin da ba shi da ɗan littafin nan na kalmomi 3,500, wasu har a layin karɓar abinci suna hadda. An koya musu yadda ake yanka doguwar jimla gunduwa-gunduwa. Kuma da yake kunnensu bai saba da harshen ba, ba sa yarda da kunne, dole su koma cikin rubutun su duba. 'Yarka tana da kunne, kuma ina da ƙarfin zaton a nan take faɗawa rami. Takan karanta da sauri, ta kama inda maganar ta dosa, ta zo kan zaɓi huɗu, ta ɗauki wanda ya yi mata daɗin ji. Masu tsara tambayoyin kuwa sana'arsu ke nan, rubuta amsar ƙarya mai daɗin ji.

Damuwarka tana kan hanya, don makin da ake magana a kai ba kaɗan ba ne. A lardin Guangdong jimillar gaokao 750 ce, Turanci na da 150, daidai da lissafi, daidai da Sinanci. Maki 20 na jarrabawar saurare da magana ne, wadda ake yi a kwamfuta a watan Maris. Sauran 130 na takardar da ake rubutawa ranar 8 ga Yuni da rana, awa biyu, kuma a kan 120 ake gyara ta sannan a mayar da ita ma'aunin 130. Cikin 120 ɗin nan karatu kaɗai ya kwashe 50: rubutu huɗu daga A zuwa D da tambayoyi 15, kowace maki biyu da rabi, sai rubutu na biyar da ake zare masa jimla biyar, a jera bakwai a ce a mayar da kowace gurbinta. Tambaya bakwai ɗin da take faɗi maki 17 da rabi ke nan. A jarrabawar da ɗalibai miliyan 13.42 suka yi wa rajista a 2024, wannan ya isa ya raba mutum da jami'ar da yake so. Sannan sauran takardar ma karatu ne a sake: cike gurbi karatu ne, tambayar nan mai maki 25 da ake ba da rabin labari a ce ɗalibi ya ƙarasa, ita ma sai wanda ya karanta rabin farko da kyau. In karatu ya gyaru ba sashe ɗaya zai tashi ba.

Bari in nuna maka ramin da misalin da na ƙirƙira a kan salon rubutun C da D. A ce rubutun yana magana a kan kiwon zuma a rufin dogayen benaye. Sakin layi na biyu ya ce hukumomin wasu birane sun ƙarfafa abin don a ceci ƙudan zuma. Na uku ya buɗe da "however", ya ce wasu masu bincike na ganin tara amya da yawa a wuri guda zai iya rage wa ƙudan zuman daji abinci, a inda furanni ba su da yawa. Sai a yi tambaya: me masu binciken suke nufi? Zaɓi na farko, kiwon zuma a birni yana ceton ƙudan zuma. Na biyu, kiwon zuma a birni yana hallaka ƙudan zuman daji. Na uku, ya kamata birane su ƙara dasa furanni. Na huɗu, amfanin abin ya danganta da abincin da ke wurin.

Na farko yana cikin rubutun, kalma da kalma, amma hukumomi ne suka faɗa, ba masu binciken ba. Malaman Sin suna ce wa wannan tarko ɗora wa Li hular Zhang. Na biyu ya ɗauki maganar masu binciken ya hura mata iska: "wasu" ya ɓace, "zai iya" ya ɓace, sharaɗin ƙarancin furanni ya ɓace, "rage abinci" ya koma "hallakawa". Na uku shi ne mafi haɗari ga yaro mai kaifin basira, don magana ce ta hankali, kowa zai gyaɗa mata kai, sai dai ba wanda ya faɗe ta a rubutun. Na huɗu ba shi da armashi, bai kwafo kalmomin sakin layin yadda suke ba, kuma shi ne amsa. Haka abin yake zuwa sau da yawa: amsar gaskiya ma'ana take ɗaukowa ta faɗe ta da wasu kalmomi, amsar ƙarya ce ke ɗauko kalmomin rubutun don ido ya gan su ya saki jiki.

Alhaji, kai ka fi ni sanin wannan darasi. Ba ka karɓar kwali a bakin kwantena don kawai ya yi kama da samfurin da aka nuna maka a shago. Takardar oda kake ɗaukowa, ka duba lamba, ka duba launi, ka duba adadi. Da wannan harshen za ka gaya mata, za ta gane, tunda a gabanta kake yi. Doka ɗaya za ta ɗora wa kanta daga yau: ba ta zaɓar amsa sai ta ɗora yatsa a kan layin da ya ba ta ita, ta rubuta lambar sakin layin a gefen tambayar. In ta rasa inda za ta ɗora yatsa, to ra'ayinta take amsawa, ba rubutun ba. Sannan ta riƙa zagaye 'yan ƙananan kalmomin nan da fensir tana karatu, irin su "may" da "some" da "rarely" da "only" da "yet" da "rather than". Mai hira tsallake su yake yi, don a baki murya ce ke ɗaukar nauyinsu. A takarda su ne ke juya jimla gaba ɗaya.

Amma kafin a soma magani a tabbatar da ciwon. Ta tattaro takardun jarrabawar wata uku ko huɗu da suka wuce. Ku zauna, a kan kowace tambayar da ta faɗi ka yi mata tambaya ɗaya tak: me ya sa kika zaɓi wannan? Sai ka yi shiru. Shirun nan shi ne zai fi ba ka wahala. Amsoshinta za su rabu da kansu. Wata za ta ce ba ta san kalmar ba. Wata za ta ce ta san kowace kalma amma jimlar ta rikita ta. Wata za ta ce biyu suka rage mata ta ɗauki ɗaya. Wata kuma lokaci ne ya ƙure ta yi canki-canki. Ɗaliban Sin suna da littafin tara kurakurai, ita ma ba za ta rasa nata ba, amma yawanci amsar daidai kawai suke kwafewa a ciki, abin da ba ya tsinana komai. A nata ta riƙa rubuta dalili: na ɗauki maganar hukuma a matsayin ta masu bincike, ban ga "may" ba. In ta yi wata guda tana haka za ta ga kuskurenta iri biyu ne ko uku suke ta dawowa.

In kalmomi ne, kada ta zauna haddar 3,500 daga A kamar sauran. Da yawansu ta riga ta san su da kunne. Ta bi jerin da biro ta soke duk wadda ta sani, abin da ya rage shi ne aikinta, kuma zai yi ƙasa da yadda take tsoro. Inda za ta fi sa ido shi ne kalmar da ta sani da ma'ana ɗaya a baki, takarda ta zo da ita da wata. Ta san "address" a matsayin adireshi, rubutun D zai kawo ta da ma'anar tunkarar matsala. Ta san "novel" littafin labari ne, za a kawo ta da ma'anar sabon abu. Wanda bai taɓa jin kalma ba yakan tsaya ya yi tunani. Wanda ya ɗauka ya sani wucewa yake yi.

In doguwar jimla ce, guda ɗaya a rana ta isa. Ta ciro mafi muni daga rubutun da ta yi, ta nemo babban aikatau da wanda ya aikata, ta ware sauran gefe, sannan ta faɗi abin da jimlar ke nufi da gajerun jimloli biyu na Turancin gida. A nan kake da amfani fiye da kowane malamin lesin a Guangzhou. Ba gyara za ka yi mata ba, saurare za ka yi. In ta faɗa maka ka gane, ta gane. In ta tsaya tana in-ina, ita da kanta za ta ji inda igiyar ta tsinke.

Lokaci shi ne mai sauƙi. Tunda a Guangdong ba a saurare a cikin awa biyun nan, minti 35 zuwa 40 sun ishi rubutu biyar. Rubutun A yawanci sanarwa ce ko talla, farashin tikiti da ranakun buɗewa, a nan ta fara karanta tambaya sannan ta je ta ɗauko amsa. C da D bayani ne ko muhawara da aka ɗauko daga jaridu da mujallun waje aka gyara, su sai an bi su daga sama har ƙasa an ga inda marubuci ya juya. Kada ta ɗora agogo a makonnin farko. Ta fara samun daidai tukuna.

Akwai al'adar da ta yi ƙarfi a makarantun can, ta cinye takardun gwaji tuli-tuli, a gama wannan a ɗauko wancan. Ga mai ciwon 'yarka wannan ƙara wa kuskure ƙarfi ne, don saurin zaɓen da ke kayar da ita shi take ƙara koyo. Abin da makaranta ta ba ta dole ta yi, amma nata na kanta rubutu uku a mako sun isa, daga ainihin takardun gaokao na baya. Guangdong ta koma wannan tsari na yanzu a 2021, don haka daga nan za ta fara. Tambayoyin gaske sun fi na gwaji tsabta nesa ba kusa ba, kowace amsar ƙarya da dalilin ƙaryarta. Ta nemo dalilin dukkan ukun da ba daidai ba, har a tambayar da ta ci. Bayan mako biyu ta sake yin rubutun D ɗin da ta riga ta yi.

Yanzu maganar jarida. Niyyarka mai kyau ce, amma abu biyu suka ɓata ta. Mai karatu da ƙarfi a gaban uban da ke jiran tuntuɓe, hankalinsa yana kan bakinsa, ba kan ma'ana ba. Za ta iya karanta maka shafi guda sumul, ka tambaye ta me aka ce ta rasa. Na biyu, jaridar manya ta yi mata nauyi. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, shi da wata abokiyar bincikensa, sun nuna a 2000 cewa mai koyo yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya karanta shi cikin sauƙi ba taimako. Baƙuwar kalma ɗaya ke nan cikin hamsin. A shafi mai kalma 300, in baƙi sun wuce shida ko bakwai, wannan na zama da ƙamus ne, ba na shaƙatawa ba. Ita kuwa abin da ta rasa shi ne karatun shaƙatawa: mai sauƙi, mai yawa, a zuci, minti 15 ko 20 a rana, ba tambaya a ƙarshe. Shi ke sa ido ya saba da doguwar jimla har ya daina jin tsoronta. Akwai littattafan labari da aka sauƙaƙa mataki-mataki, cike suke da shagunan littattafai a Sin. Akwai jaridar ɗalibai ta 21st Century da China Daily ke fitarwa, tana da bugu na 'yan babbar sakandare. Babban ɗakin karatu na Guangzhou da ke Zhujiang New Town yana da sashen littattafan harsunan waje, shiga kyauta ne. Ka kai ta, ka bar ta ta zaɓa, ko da abin da ta ɗauko bai burge ka ba.

Karatu da ƙarfi kuma yana da inda zai yi rana, jarrabawar Maris mai maki 20. Kashi uku ce: a karanta rubutu ana kwaikwayon muryar da aka saurara, a yi tambaya da amsa a matsayin wani, sannan a saurari labari a maimaita shi da baki. A nan 'yarka ta fi tsaranta gata, bai kamata ta bar ko maki biyu a ƙasa ba. Ka riƙa ba ta ɗan labari na minti biyu, ko na kasuwa ne, ta mayar maka da shi. Wayar kuwa ka mayar mata. Duk mako tana makaranta ba ta tare da ita, karɓe ta ranar Asabar ba ya ƙara mata maki, ƙamus ɗinta ma a ciki yake.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne shigewa ɗakin nan. Ka tsaya ka ga ajin da idonta. Yarinya ce da kowa ke gani ya san babanta baƙo ne, kuma a wurin yawancin 'yan ajin, baƙo Turanci ne. In ta ci 130 za a ce ai dole, babanta ne. In ta ci 95 za a ce duk da babanta. Ba inda za ta ci a yaba mata. Yaron da ke kusa da ita zai ɗaga hannu ya tambayi ma'anar kalma ba wanda zai waiwayo, ita in ta ɗaga ajin zai yi dariya, don haka ba ta ɗagawa. Shekara nawa ke nan tana haɗiye tambayoyinta? Sai ta dawo gida ranar hutu, wanda ya kamata ya gane ya tare ta da maganar da 'yan ajin ke yi: yaran da ba sa iya gaisuwa sun fi ki.

Kuma ka tuna Turanci ne kaɗai harshen da ya haɗa ka da ita. Da shi take ba ka labari, da shi take roƙonka abu, da shi kake yi mata addu'a ta gane. Tunda ka mayar da shi jarrabawa, duk lokacin da ta buɗe baki a gabanka ji take ana ba ta maki. To me zai hana ta yi shiru? Ka raba biyun. Aikin takarda a ba shi awa guda ranar Asabar, da farkonsa da ƙarshensa. Bayan wannan awa ba gyaran lafazi, ba zancen maki a kan abinci. Hausar da ta tsaya a gaisuwa kuwa, wannan wasiƙar wata rana ce, kuma ba ita za a tuhuma ba.

Ga abin da nake so ka yi a zaman farko, kafin ka tambaye ta komai. Ka ce ta zaɓo maka rubutun D na wata shekara, ta riƙe agogo, ta ba ka minti takwas, ita ta gyara. In WAEC ka yi, ka saba da auna fahimtar da ake rubuta amsa da hannu, mai gyara ya ga ka kusa ya ba ka wani abu. Nan babu kusa. Kada ka yi mamaki in cikin tambaya huɗu ka faɗi ɗaya ko biyu, masu digiri a Turanci ma suna faɗi. Ka bar ta ta yi dariyarta, ka ce ta nuna maka inda ka kauce. Ranar za ta fara koyar da abin, kuma wanda ya bayyana wa wani tarko da bakinsa ba ya saurin faɗa masa.

Maganar malamin lesin, kada ka yi wa mamanta gardama, ka roƙe ta wata biyu. Ta fi ka sanin yadda tsarin yake, kuma tsoronta na gaskiya ne. Tun Yulin 2021 da gwamnatin Sin ta taka wa kamfanonin lesin birki, harkar ta koma ta bayan fage a wurare da yawa, ga tsada, ga ba wanda zai tsaya maka in an cuce ka. In wata biyun suka cika ba canji, a ɗauko, amma Basine ko Basiniya da ta san wannan takarda ciki da bai, wadda za ta fara da cewa a kawo mata littafin kurakurai. Duk wanda ya zo da tulin takardunsa bai nemi ganin nata ba, a sallame shi. Bature ko wani baƙo mai koyar da hira ba ta bukatarsa, tana da kai. Kada kuma ka ɗauko ɗalibin jami'a daga 'yan uwanmu don sauƙi, bizar karatu ba ta ba shi izinin wannan aiki, za ka jawo masa fitina ka jawo wa kanka. Abin da ba ya cin ko sisi shi ne ku je ku biyu wurin malamar Turancinsu. Kada ku tambaye ta yaya yarinyar take, za ta ce tana ƙoƙari. Ku tambaye ta wane irin tambaya ta fi faɗi: ta neman bayani, ta hasashe, ta babban jigo, ko ta ma'anar kalma.

Shawarar abokinka kuwa ka ajiye ta. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sin ta 1980 ba ta yarda da ƙasa biyu ba, kuma yaron da aka haifa a Sin, ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasar, ɗan Sin ne. Ƙofar da yake nufi ma an ƙara matse ta daga 2021: irin waɗannan masu neman shiga jami'a a matsayin baƙi sai sun riƙe fasfon waje shekara huɗu, kuma sun zauna a wajen Sin shekara biyu cikin huɗun da suka wuce. Ita shekara guda da 'yan watanni suka rage mata. Taɓa takardunta yanzu zai iya raba ta da rajistar gida ta 'yan ƙasar Sin, wadda take karatu da ita, ba ta samu waccan ba ta rasa wannan.

Ka shirya wa abu guda: a jarrabawar wata mai zuwa makinta zai iya tsayawa cak, ko ma ya ɗan sauka, don mai neman layi kafin ya zaɓa a hankali yake tafiya da farko. Ka faɗa wa mamanta tun yanzu don kada hankalinta ya tashi. Kada ku dubi jimillar 150, ku dubi tambayoyi 15 ɗin nan. In zuwa ƙarshen zango bakwai ta koma huɗu, maki bakwai da rabi ke nan suka dawo daga sashe ɗaya, kuma tana da sauran ajin ƙarshe gaba ɗaya. In ba ta motsa ba, ka sake rubuto mini da dalilai goma daga littafin kurakuranta, yadda ta rubuta su. Allah ya ba ta sa'a, a gaida mamanta.